Ɓata da Cigiya a Hamadar Tenere

A watan Janairun 1977 wani matashi Bafaranshe mai suna Thierry Sabine yana cikin 'yan tseren da suka taso daga Abijan za su ƙare a birnin Nis na Faransa. Babur ƙirar Yamaha XT500 yake kai. A can arewa maso gabashin Nijar, gaba da Dirku, wajen iyakar Libiya, ya saki sawun 'yan'uwansa bai sani ba. Ko da ya farga, duk inda ya juya abu guda yake gani. Ya yi kwanaki shi kaɗai, ruwa ya ƙare, inuwa babu, har wani jirgin sama da masu shirya tseren suka tayar ya hango shi ya ɗauke shi.

Da waninmu ne, da ya koma gida ya yi sadaka, ya ce shi da yashi sai dai na gini. Sabine kuwa ya koma Paris ya mai da abin da ya same shi sana'a. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka keto Aljeriya, suka biyo ta Arlit da Agadas da Yamai, suka shiga Mali, suka nufi Dakar. Guda 74 ne suka kai. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, a kan irin babur ɗin da Sabine ya ɓata da shi yake. Daga nan aka samu tseren Paris zuwa Dakar, kuma daga nan dubban samarin Turai suka fara mafarkin ɗaure jaka a bayan babur su nufi inda babu kowa.

Duk mai ba da labarin nan da Hausa zai ce Bature ya ɓata a hamada, kuma ya faɗi daidai. Sai dai kalmar tana da wata ɗabi'a da yawan amfani ya sa ba ma lura da ita. Ba a ɓata haka nan a sarari, daga hannun wani ake ɓata. Akuya ta ɓata domin akwai mai ita da ya ƙirga da magariba ya ga babu ɗaya. Allura ta ɓata domin tela yana lalube a ƙarƙashin keke. Tsuntsun da ya tashi daga Katsina ya sauka Maraɗi ba wanda zai ce ya ɓata, tunda ba mai jiran dawowarsa. Shi ya sa ɓata ba ta tafiya ita kaɗai, kullum cigiya tana biye da ita. Wanda ya taso da rediyo a kunne ya san yadda ake yi: yaro ɗan shekara kaza, sanye da riga kaza, ya fita tun da hantsi, wanda Allah ya sa ya gani ya taimaka ya kai shi gidan mai unguwa. Sanarwar nan ita ce shaidar cewa yaron yana da mutane.

Abin da shi wanda ya ɓata yake ji a cikinsa kuwa, sunansa daban. Makuwa ke nan, ko ɗimuwa. Gabas ta koma yamma, ka tsaya za ka yi salla ka rasa inda za ka fuskanta, ka ga rana tana faɗuwa ta wajen da ka rantse ta nan ta fito. Ana yin makuwa a tsakiyar kasuwar Kurmi, ba wanda ya sani, ta wuce cikin ɗan lokaci. Ana kuma ɓata ba tare da makuwa ba, mutum ya san inda yake sarai, mutanensa ne ba su sani ba. Sabine ya haɗa duka biyun. Abin da ya cece shi shi ne yana da lamba a jikin babur, sunansa yana cikin takarda, kuma da yamma akwai mai bin takardar nan layi-layi.

Mun gaji wata karin magana da muke ji da ita, wai matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ce a ƙasar da aka yi ta. Ka tsaya a mararraba, ka yi sallama ga mai huɗa a gona ko mai faci a bakin titi, ya ce maka ka miƙe sak, in ka kai wata kuka ka karya hagu, nan kusa ne. Ko da "nan kusa" ɗin ya zama tafiyar rabin yini, za ka tarar da wani a gaba ya gyara maka. Karin maganar ta ɗauka cewa duniya cike take da mutane, kuma hanya ba komai ba ce illa bakunan da ke miƙa ka daga wannan zuwa wancan. Tenere ita ce wurin da maganar nan take ƙarewa. Daga gindin duwatsun Abzin zuwa Fashi, kana iya wuni kana gudu ba ka ga ko ƙuda ba, balle mai amsa sallama.

Kuma babur yana ƙara wa abin tsanani, ta hanyar da wanda bai taɓa shiga yashi ba ba zai zata ba. A kwalta in abu ya rikice sassautawa ake yi, a taka birki. A rairayi mai laushi da zarar ka sassauta, tayar gaba ta nutse, kan babur ya karkace, ka ci ƙasa. Dole ka rage iskar taya tun kafin ka shiga, ka miƙe tsaye a kan matakai, ka mai da nauyinka baya, ka sassauta riƙo ka bar kan ya yi ta rawarsa, ka ci gaba da ba shi wuta alhali zuciyarka tana cewa tsaya. Da asuba yashin yana da ɗan tauri saboda sanyin dare. Da rana tsaka sai ya saki, inuwa ta ɗauke, ido ya kasa rarrabe tudu da kwari, mutum ya hau tudun yashi da gudu bai san bayansa a yanke yake ba. In ya faɗi, babur ɗin da aka loda wa mai da ruwa ya kusa buhun gero biyu a nauyi, kuma shi kaɗai zai ɗaga shi, ƙafa tana zamewa. Kowace ɗagawa gumi ce, gumin kuma daga jarkar ruwansa za a biya shi. Mutumin da ke cikin wannan hali ba shi da sararin tsayawa ya yi shawara da kansa. Idonsa yana kan sawun tayar da ke gabansa, yana bi yana murna ya samu hanya, bai san mai sawun ma ɓatacce ba ne. Mai raƙumi a hankali yake kuskure, kafin ya yi nisa ya gane. Mai babur cikin sa'a guda yana cinye abin da ayari zai wuni yana takawa, saboda haka in ya karkace kaɗan da safe, kafin azahar ya fita daga duk inda za a neme shi.

To amma shekaru aru-aru kafin a ƙera babur ana ƙetare wannan wuri kowace shekara, ana kuma dawowa. Bayan damina, wajen Oktoba, Abzinawa irin su Kel Ewey da Kel Geres sukan haɗa raƙuma su nufi Fashi da Bilma da gero, su komo da dabino da gishiri. Wannan gishirin ne ya shigo bakinmu da sunan balma, kuma kantun da ake ajiye wa shanu da tumaki su lasa a Damagaram da Kano daga can aka ɗauko shi. Tafiyar ba ta wasa ba ce. Babu ciyawa a hanya, don haka raƙuma ke ɗaukar abincinsu, ana ajiye wasu dammuna a hanya saboda dawowa. Tun safe har dare ya raba ba a tsayawa. A tafe ake dama gari da cuku da dabino a sha, a tafe ake dafa shayi, ana miƙa kofi daga hannu zuwa hannu. A gaban layin akwai mutum ɗaya da kowa ya sallama wa, kuma Abzinawan da kalmarmu suke kiransa: madugu. Yana karanta inuwarsa da inuwar raƙumi, yana duban yadda iska ta tsara tuddai, da dare kuma ya bi taurarin da ke fitowa gabas a wannan lokaci na shekara, irin su kaza da 'ya'yanta. Ayari bai ƙaryata karin maganarmu ba. Ya gane cewa babu wanda za a tambaya a gaba, sai ya taho da shi daga gida.

Akwai kuma itaciyar. Tsakanin Agadas da Fashi wata itaciyar ƙaya ta tsaya ita kaɗai, ana cewa babu wata a kewayenta har tsawon kilomita 400, har masu zana taswira suka ba ta ɗigo irin wanda ake ba gari. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwarta ta gangara fiye da mita 30 tana neman ruwa. Abin da ya fi ba ni mamaki game da ita shi ne yadda ta tsira daga mutane. Ayari bayan ayari, masu neman makamashin shayi da raƙuma masu yunwa suka yi ta zango a gindinta, ba a sare ta ba. Kowa ya san in ya karya reshe yau, wani ne zai rasa alama baɗi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta ta faɗi, a filin da ko makaho zai iya kauce mata. Aka kwashe gangar aka kai gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Zamanin inji ya zo da nasa alamun. A ƙarshen 1959 zuwa 1960 kamfanin motoci na Berliet ya tura ayarin manyan motoci suka ratsa Tenere daga Janet ta Aljeriya zuwa Cadi, suna kafa turakun ƙarfe masu lamba. Daga baya na'urar tauraron ɗan'adam ta zo, wadda mai babur zai maƙala a gabansa ta nuna masa ɗigon da yake a kai. Na'urar nan maganin makuwa ce, ba shakka. Amma mutumin da ƙafarsa ta karye a bayan tudun yashi, sanin lambobin inda yake kwance ba ya ƙara masa ko kurɓi ɗaya na ruwa, sai in akwai wanda lambobin za su je wa, wanda kuma yake da mota ko jirgi da niyyar tasowa.

Masu tseren Dakar sun fi kowa sanin haka. A 1982 Mark Thatcher, ɗan Firaministar Birtaniya ta lokacin, ya ɓata da motarsa a kudancin Aljeriya. Kwana shida aka yi ana nema, jaridun duniya suna bugawa kullum, har jirgin sojan Aljeriya ya gano shi. A 1983, shekarar da tseren ya fara ratsa Tenere, guguwar yashi ta tarwatsa 'yan tsere wajen 40. Sabine da kansa ya hau jirgi mai saukar ungulu ya yi kwana huɗu yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya, kuma duka aka same su. Wannan labarin ya ƙara wa tseren farin jini fiye da kowace talla. Kowane saurayi da ya karanta shi a Liyon ko Milan ya fahimci yarjejeniyar: za ka je bakin mutuwa ka leƙa, amma akwai mai riƙe da rigarka ta baya.

Ba na cikin masu yi wa mutanen nan dariya. Bahaushe yakan so tafiya ta kasance da dalilin da za a iya faɗa wa dattijo: fatauci, ci-rani, neman ilimi, hajji, zumunci. Abin da ya fita daga nan sai mu ce yawon duniya, ko mu kira shi ganganci. Kasada ma ba kalmar yabo ba ce sosai a wurinmu, mun fi jingina ta ga ɗan caca da direban da ke wuce mota a kwana. Amma son a rabu da hayaniya a ji abin da ya rage na mutum in an cire masa kowa, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malamanmu suna shiga halwa. Sai dai duk wanda ya san yadda ake halwa ya san akwai almajirin da ke ajiye ƙwarya a bakin ƙofa, wanda in ya ga kwana biyu ba a taɓa ta ba zai ƙwanƙwasa. Kaɗaicin mai babur a Tenere irin wannan ne, kuma ba laifi ba ne. Abin da nake ƙi shi ne labarin da ake bayarwa bayan an dawo, wanda ake share almajirin daga ciki, a bar jarumi da yashi kawai. Ana kuma share waɗanda tseren ya bi ta kansu. A 2006 kaɗai motocin tseren sun kashe yara biyu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal, a hanyoyin ƙauyukansu.

A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar da ke arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Yara 52, mata 33, maza 7. Akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito, wato masu magana da harshen da nake rubutu da shi, suna kan hanyar Tamanrasat neman abin sawa a baki bayan gona ta ƙi. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa sauran. An tarar da su a warwatse, ƙungiya-ƙungiya, wasu iyaye mata da 'ya'yansu a gefe. Gwamnatin Nijar ta sa makokin kwana uku. A tsawon kwanakin da suka yi suna tafiya a ƙasa suna faɗuwa, ba su da lamba, ba su cikin takardar kowa, ba wanda ya zauna da yamma ya bi sunayensu. Danginsu a Kance sun ɗauka suna hanya, mutanen Tamanrasat ba su san da zuwansu ba. In muka bi kalmar yadda take aiki a bakinmu, mutanen nan ba su samu ko darajar ɓata ba sai bayan sun mutu. Yashi ɗaya ne da wanda ya riƙe ɗan Firaminista, rana ɗaya, jiki iri ɗaya mai buƙatar ruwa. Cigiya ce ta raba su.

Abin da ya biyo baya ya ƙara dagula lissafin. A 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, Tarayyar Turai tana mara mata baya, aka fara aiki da ita sosai a 2016. Kafin nan direbobin Agadas sukan tashi ranar Litinin a jere, su bi ayarin soja zuwa Dirku, fasinjoji a bayan Hilux kowa ya rungume sandar da aka kafa masa tsakanin ƙafafu don kada ya faɗo, jarkar ruwa a naɗe da buhu an rubuta suna a jiki. Tafiya ce mai wuya, amma a fili ake yin ta, mota tana ganin mota. Da doka ta zo aka fara kame direbobi ana ƙwace motoci, sai suka bar sananniyar hanya, suka guji rijiyoyin da aka san jami'ai na tsaro, suka riƙa fita da dare ɗai-ɗai ta wuraren da ba kowa. Direban da ya hango ƙura a bayansa yana iya sauke mutane ya ce yana zuwa. Ɓoyewa daga hukuma da ɓoyewa daga mai ceto abu ɗaya ne a wurin da babu itace. Sojojin da suka karɓi mulki sun soke dokar a Nuwamban 2023.

Sabine bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ranar 14 ga Janairu 1986, ana tsakiyar tsere, jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi a Mali kusa da Gurma Rarus, ya mutu tare da mutum huɗu, ciki har da mawaƙin Faransa Daniel Balavoine. Aka ƙona gawarsa kamar yadda wasu Turawa ke yi, aka watsa tokar a gindin wata itaciya a arewacin Tenere, wadda Faransawa suke kira da sunan da ke nufin ɓatacciyar itaciya. Ita dai itaciyar tana inda ta tsiro, ba ta taɓa gusawa ba, kuma masu raƙuman yankin sun san wurinta. A taswirar baƙi ne take nesa da komai.

Yau in ka ce wa mutumin Zamfara ko Tilaberi an ga babura sun nufo daga daji, ba tsere zai zo masa a rai ba, inda zai ɓoye iyalinsa zai fara tunani. Injin da ya ba saurayin Turai 'yancin zuwa inda mota ba ta zuwa, shi ya ba ɗan bindiga wannan 'yancin. An hana hawa babur a Difa a 2015, an hana a wasu sassan Tilaberi a 2020, a 2021 kuma jihohi irin su Zamfara da Katsina suka taƙaita zirga-zirgarsa suka hana sayar da mai a jarka. Ɗan kabu-kabu da manomin da ke kai matarsa asibiti a bayan mashin su suka fi ɗanɗana kuɗar hanin.

Tseren ma ya yi ƙaura. An soke na 2008 bayan kashe Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido a Muritaniya, aka mai da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020. Har gobe Dakar ake ce masa, alhali rabonsa da Dakar tun 2007. Sunan Tenere shi ma ya kama tasa hanyar. Kalmar Abzinawa ce ta fili wanda ba kowa, amma a 1983 Yamaha ta liƙa ta a jikin wani babur mai tankin lita 30, ta yi ta sayarwa, kuma a Turai da yawa sun fi sanin kalmar a matsayin sunan mashin. Na yanzu, Ténéré 700, ya fito a 2019 da tankin lita 16. A kwalta zai kai mutum wajen kilomita 350, a yashi mai laushi kuwa ko kusa. Daga Agadas zuwa Bilma wajen 600 ne, kuma babu gidan mai a tsakani. Wanda ya saye shi yana son ya kai shi wurin da aka aro masa suna, sai ya nemi izinin hukuma da rakiyar soja, ya yi hayar mota ta bi shi da jarkoki, ya ɗauki ɗan Agadas da ya san rijiyoyi, bayan kuma gwamnatin ƙasarsa ta riga ta shafa wa yankin jan launi a taswirar gargaɗin matafiya. Shi ya sa za ka fi ganin babur ɗin a duwatsun Sifaniya da kudancin Maroko, ko a fake a ƙofar ofis a Munik.